Shin watan haihuwa yana shafar lafiyar mutum da halinsa?

Uwargida daga Gadarif:

Assalamu alaikum daga nan Sudan. Ina neman ƙarin haske daga masu sani. Surukata ta dage cewa yaron da aka haifa a tsakiyar damina ba ya cika ƙwari, ɗan kaka kuwa yakan tashi da ƙoshin lafiya da sanyin hali. 'Yata kuma tana bin shafukan buruji a Facebook, inda ake raba wa mutane halaye bisa watan da aka haife su. Ƙanwata tana da juna biyu, ana sa ran haihuwarta a watan Agusta, kuma waɗannan maganganu sun hana ta sukuni. Akwai gaskiya a cikinsu?

Ma'aikaciyar jinya daga Sinnar:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Maganar surukarki a kan lafiya tana da tushe, sai dai laifin ba na watan ba ne. A 1997 mujallar Nature ta wallafa wani bincike da aka yi a ƙauyukan yankin Keneba na ƙasar Gambiya, wanda ya nuna cewa waɗanda aka haifa a watannin yunwa na damina sun fi sauran yawan mutuwa a shekarun samartaka, galibi ta hanyar cututtuka masu yaɗuwa. Da aka sake irin wannan binciken a Senegal ba a ga bambancin ba, saboda haka ba hukunci ne da ya hau kan kowa ba.

Duk wanda ya san daminar Gadarif ya san abin da ake nufi. Hatsin bara ya kusa ƙarewa, dawa da riɗi ba su nuna ba, mai ciki tana sunkuye a gona tana cire ciyawa, sauro ya cika gari, ga laka mai riƙe mota har ta hana a kai mai naƙuda asibiti. Zazzaɓin cizon sauro a lokacin ciki yana jawo ƙarancin jini ga uwa, yana kuma rage nauyin jariri. Abin da nake roƙon ƙanwarki ta yi shi ne ta kwana cikin gidan sauro kullum, ta riƙe zuwa awo, ta sha maganin ƙarin jini, kuma ta koma kusa da asibiti kafin ruwa ya yanke hanya.

Ɗalibin likitanci daga Kasala:

Ina goyon bayan Anti ma'aikaciyar jinya. A 2015 masu bincike a Jami'ar Columbia ta Amurka sun duba bayanan marasa lafiya miliyan 1.7 a birnin New York, suka auna cututtuka 1,688, suka sami alaƙa da watan haihuwa a 55 kacal, kuma su da kansu sun bayyana cewa tasirin ƙarami ne idan aka kwatanta da na abinci da motsa jiki. Abin da ya fi gamsar da ni shi ne wani binciken na 2001: a Ostiriya da Denmak 'yan watannin ƙarshen shekara sun ɗan fi tsawon rai, amma a Ostireliya, inda lokutan sanyi da zafi suke a juye, sakamakon ma a juye ya zo. Yanayi ne ke aiki, kuma hunturun New York ba shi da alaƙa da Agustan Gadarif.

Malamin makaranta daga Maiurno:

Hajiya, ɓangaren hali ne ya fi damuna, domin ina ganin illarsa a aji. Yarinya takan ce da ni ita mai saurin fushi ce saboda burujinta, sai ta daina ƙoƙarin danne zuciyarta. Hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito ya bayyana cewa wanda ya koyi wani yanki na duban taurari ya koyi wani yanki na sihiri. Ta fuskar kimiyya ma, a 1985 wani mai bincike, Shawn Carlson, ya jarraba masu duban taurari, suka kasa haɗa taswirar haihuwar mutum, wato zanen matsayin taurari a lokacin da aka haife shi, da halinsa fiye da yadda mai canke zai yi.

Ki kuma tambayi 'yarki wane wata take nufi. Shekarar Hijira tana gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11, har Azumi yakan zagaya rani da damina da hunturu cikin shekara 33. Sannan da yawa daga iyayenmu a nan Sudan takardar ƙiyasin shekaru suke riƙe da ita, mai ɗauke da 1 ga Janairu, ga mai haƙuri a cikinsu ga mai faɗa, duk ranar haihuwa ɗaya a rubuce.

Uwargida daga Gadarif:

Allah ya saka muku da alheri. Zan karanta wa ƙanwata amsoshin nan, kuma za mu roƙi mijinta ya bar ta ta dawo wurina cikin gari tun a watan Yuli.