Abin da aka tattauna kan karayar wuyan hannu

To jama'a, ga abin da na tsinta daga tattaunawar da aka yi kan abin da ya kamata wanda ya karye a wuyan hannu ya yi:

1. Kusan kowa ya ce a fara ɗaukar hoto a asibiti, Komfo Anokye da ke Kumasi ko na kusa, kafin kowa ya taɓa hannun.
2. Simintin da ake ɗaure karayar da shi a asibiti kan kai sati 6, amma a riƙa dunƙule yatsu ana buɗewa, a ɗora hannun kan filo sama da ƙirji saboda kumburi, in kuwa yatsun suka yi sanyi ko ka daina jin su, koma asibiti take.
3. Kan mai ɗori aka rabu, wasu sun rantse da na zango, wasu suka ce tamke ɗaurin kan toshe jini. Ni dai ina bayan na biyun.
4. In an cire siminti, sai wajen masu gashin ƙashi, su gwada ko za ka iya riƙe kofin koko.