Yaya ake koyar da kiwon kifi a makarantar da ba ta da kududdufi?

Malamin Gona, Malumfashi:
Assalamu alaikum. Ina koyar da aikin gona a wata sakandaren gwamnati, kuma a bana aka ɗora mini darasin kiwon kifi. Makarantarmu ba ta da kududdufi, rijiyar burtsatse ɗaya gare mu, kuɗin da aka ware kuma bai taka kara ya karya ba. Ɗalibaina sun haddace sunayen kifaye na kimiyya, amma galibinsu ba su taɓa riƙe kifi mai rai ba. Ina neman shawara a kan irin kifin da ya dace mu fara da shi, da kuma yadda zan tsara aikin ya dace da zangon karatu.

Mai Kiwon Kifi, Zariya:
Wa alaikumus salam, Malam. Ka fara da tarwaɗa a tankin roba mai cin lita 1,000, domin tana da wata gaɓa kusa da maƙogwaronta da take shaƙar iska da ita kai tsaye, shi ya sa take jure ruwan da zai halaka wani kifin. Ka sayi 'ya'yan da suka ɗan tasa, kada su wuce 50, a wurin mai ƙyanƙyasar da aka yarda da shi.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne lokaci. Da hunturu ruwa yakan yi sanyi, kifi ya rage cin abinci, girma ya tsaya, don haka ka bari sai ƙarshen Fabrairu ko farkon Maris kafin ka zuba, yadda za ku kwashe a Yuli kafin dogon hutu. Sai dai hutun zango na biyu zai faɗo a tsakiya, kuma dole tun yanzu a san wanda zai riƙa ba su abinci yana canja ruwa, ko maigadi ko ɗaliban da ke kusa, in ba haka ba ku dawo ku tarar da tanki yana wari. Kowane mako biyu ɗalibai su kama kifin su ware manya daga ƙanana, saboda tarwaɗa tana cin 'yar'uwarta: za ka ga mai babban kai da wutsiyar ƙarami a bakinsa.

Malama Mai Koyar da Kimiyya, Minna:
Ranka ya daɗe, na yarda da batun tarwaɗa, amma kada a bar karfasa a baya, ko da guda goma ne a wani baho daban. Macen karfasa tana ɗauke ƙwanta a baki har su ƙyanƙyashe, tana kuma hayayyafa ba ƙaƙƙautawa, har wurin ya cika da ƙanana waɗanda ba sa girma, abin da ya sa masu kiwonta suka fi son maza zalla. Tarwaɗa kuwa ba ta cika saka ƙwai da kanta a tanki ba, sai an yi wa mace allura, bayan kamar awa 10 zuwa 12 a matse ƙwan, a yanka namiji a ciro maniyyinsa a haɗa, su ƙyanƙyashe cikin kwana ɗaya ko fiye da haka kaɗan. Idan ɗalibi ya ga waɗannan hanyoyi biyu da idonsa, babin hayayyafa ya zauna masa ke nan.

Ban ba ka shawarar ku yi ƙyanƙyasa a makaranta ba, domin tana buƙatar ruwa mai gudana da kulawa dare da rana. Gara ka kai su gonar wani mai yi. Idan hali ya samu, Cibiyar Binciken Kifin Ruwan Daɗi ta Ƙasa tana New Bussa kusa da tafkin Kainji, tare da kwalejin tarayya da ke horar da masu wannan sana'a.

Tsohon Shugaban Makaranta, Katsina:
Ɗana, duk abin da suka faɗa daidai ne, amma ni littafin lissafi zan jaddada maka. Abinci shi ne yake cinye fiye da rabin kuɗin kiwo, kuma a nan ne yawancin masu farawa suke karyewa. Ka raba ajin rukuni-rukuni, kowane rukuni da ranarsa, su rubuta nauyin abincin da suka zuba, da adadin kifin da ya mutu, da launin ruwa, sannan ranar warewa su ɗora kifi goma a sikeli su fitar da matsakaicin nauyi. Daga nan su lissafa abincin makonni biyu masu zuwa, wajen kashi 3 zuwa 5 cikin 100 na nauyin kifin a kullum, ana ragewa yayin da yake girma. Ruwan da aka canja kuma kada a zubar a kwata. A ja shi zuwa fangalin alayyahu ko latas, tunda kashin kifi taki ne.

Malamin Gona, Malumfashi:
Na gode, Baba, na gode Malam da Malama, Allah ya saka da alheri. Zan kai wa shugaban makaranta lissafin tanki ɗaya da baho ɗaya da sikeli a wannan makon, kuma zan fara neman maigadin ya amince da batun hutun Afrilu kafin mu sayi ko kifi ɗaya.