Kibau Huɗu a Kan Allo: Musayar Baitoci Kan Koyar da Zagayen Ruwa

Malamar Aji Huɗu

Assalamu alaikum, malamai abokan aiki. Darasin zagayen ruwa ne ke gabana a wannan zangon karatu, kuma akwai abin da ke damuna game da yadda muke koyar da shi, wanda na ga ya dace in kawo shi cikin baitoci domin masu amsawa su amsa da irinsu.

Da sunan Allah nake fara zance,
Wanda ya sa ruwa tushen rayuwa.

Malamai, ga tambaya na kawo muku,
Ku dube ta da kyau kafin amsawa.

Littafi ya zana teku da rana,
Da kibau huɗu masu kewayawa.

Ta farko tururi ne ke hawa sama,
Ta biyu girgije ne ke haɗuwa,

Ta uku ruwan sama ne ke sauka,
Ta huɗu kogi ne ke komawa.

Yara sun haddace su tsaf a jere,
A jarrabawa babu mai faɗuwa.

Amma da na jiƙa ƙyalle na shanya,
Muka zauna muna kallon bushewa,

Na ce su faɗa mini inda ruwan ya je,
Sai aji ya yi tsit, ba mai motsawa.

Ɗaya ya ce rana ce ta shanye shi,
Ɗaya ta ce ya ɓace, ba dawowa.

Wanda ya fi kowa maki a takarda
Ya ce ai ƙyallen ne ke haɗiyewa.

Ba wanda ya haɗa ƙyallen da zanen,
Ya ga kibiyar farko ce ke aukuwa.

Shin zanen ne ya kamata ya gabata,
Ko gani da ido kafin zanawa?

Tsohon Hedimasta

'Yata, na karanta baitocinki,
Na kuma fahimci damuwarki,
Amma kada ki raina zanen allonki,
Domin ilimi yana son tsari.

Yaron da bai wuce shekara tara ba,
Abin da idonsa bai taɓa gani ba,
Ba zai kama shi da bayani kaɗai ba,
Kuma ido ba ya ganin tururi.

Shi ya sa muke ba shi sunaye,
Ya riƙe su a ka, su zauna a ajiye,
Ko da ma'anarsu tana a ɓoye,
Za ta bayyana in an yi haƙuri.

Hadda rumbu ce da ake cikawa
Tun kafin lokacin ɗebowa,
Wanda ya ƙi tari ran tarawa
Zai buɗe rumbun ya tarar da sarari.

Ki bar kibau huɗun nan a kan allo,
Su rera su, su tafa, su yi kallo,
Su riƙa faɗa ko a filin ƙwallo,
Fahimta tana tafe, ba ta son sauri.

Malamin Kimiyya

Baba, Allah ya ja kwana, na ji batunka,
Ka ba ni izini in ƙara magana.

Gaskiya ne ido ba ya ganin tururi,
Amma aikinsa kullum yana bayyana.

Malama, ki zuba ruwa a kan siminti,
Ki ba yaro alli, gefensa ya zana.

Bayan rabin awa su koma su duba,
Su zagaye abin da ya rage a rana.

Zobe cikin zobe za su gani a ƙasa,
Raguwar ruwan ce kowanne ya nuna.

Wani zai ce siminti ne ya tsotse,
Kada ki tsawata masa, kada ki hana.

Ki kawo faranti biyu na ƙarfe,
Cokali guda-guda ki zuba, ki auna.

Ki rufe ɗaya, ki bar ɗaya a buɗe,
A bakin taga ki bar su su kwana.

Ƙarfe ba ya shan ruwa, sun san haka,
To, na buɗaɗɗen farantin yana ina?

Da bakinsu za su ce ya shiga iska,
Sai a lokacin ki ba abin suna.

Saura dawowarsa, wadda ta fi wuya,
Nan ake so malami ya natsu ya zauna.

Ki sa ƙanƙara a cikin kofin ƙarfe,
Ki goge bayansa sarai, ki nuna.

Can sai ɗigo ya fito a jikin kofin,
Za su ce yoyo yake, a zatona.

Ki ɗiga jan launi a ruwan cikinsa,
Ɗigon waje ba ja, to daga ina?

Daga iskar ɗakin da ta taɓa sanyi,
Ta sauke tururin da ta ɗauka da rana.

Haka raɓa take kwanta a kan ciyawa
Da asuba, a fili ko a gona.

Akwai abu biyu da baitocin ba su ɗauka ba. Na farko, yara da yawa suna zaton sai ruwa ya tafasa a digiri 100 kafin ya shiga iska, kuma farantin da ya bushe a bakin taga ba tare da wuta ba ya isa ya gyara wannan zato. Na biyu, farin abin da ake gani yana tashi daga bakin buta ya riga ya koma ƙananan ɗigo, kuma ɗan tsakanin nan da ke daf da bakin butar, inda ba a ganin komai, a nan ne ruwan yake cikin siffar iska. Girgije ma ɗigo ne da ƙananan ƙwayoyin ƙanƙara, waɗanda ke haɗuwa a kan ƙura da ɓarɓashin gishirin teku, domin iska tana ƙara sanyi da kimanin digiri 6.5 a duk kilomita ɗaya da aka hau sama.

Ɗaliba Mai Koyon Koyarwa

Iyayena malamai, ina neman afuwa,
Ni mai koyo ce, ga ƙaramar tambaya.

Wata yarinya ta ce in daga teku ne
Ruwan sama ke tasowa a duniya,

Me ya sa in ya sauko ba gishiri,
Alhali teku gishiri ne gaba ɗaya?

Wani yaro kuma ya ƙura wa zanen ido,
Ya ce, "Malama, ina aka sa rijiya?

Ruwan da muke bai wa shuka kullum,
Wace kibiya ce tasa, ta wace hanya?"

Na ce musu gobe za mu duba tare,
Ku taimake ni da amsa ta gaskiya.

Malamin Labarin Ƙasa

Ƙanwata, yaranki sun yi tambayar masana,
Gwaji ɗaya zai ba yarinyar amsa.

Ki dama gishiri da ruwa a babban kwano,
Ki ba ta ta sa yatsa ta lasa.

Ki ajiye kofi marar komai a tsakiya,
Ki ɗaure farar leda a bisa.

Ki ɗora tsakuwa daidai saitin kofin,
Ki kai rana, su riƙa leƙawa daga kusa.

Ɗigo zai taru a ƙarƙashin ledar,
Ya gangara ya faɗa kofin da kansa.

Ta ɗanɗana wannan, ba gishiri ko kaɗan,
Ruwa ya tashi, ya bar gishirin a ƙasa.

Shi kuma yaron, ki kai shi gindin bishiya,
Ki ɗaure reshe a leda da ganyensa.

Kafin a tashi zai ga gumi a ledar,
Ruwan da saiwa ta jawo daga nesa.

Rijiya kuwa, zanen ne ya manta da ita,
Kogi wani kaso kawai yake kwasa.

Wani kason yana nutsewa cikin yashi,
Ya ratsa tsakuwa, har dutse ya isa,

Ya taru a can shekara da shekaru,
Sai mai haƙa ya zo ya buɗe masa.

Aibin zanen shi ne hanya ɗaya tak,
Alhali ruwa hanyoyi ne a gabansa.

Wani ɗigon daga teku ya tashi,
Ya sake faɗawa tekun nan kusa.

Wani ya daskare a ƙanƙarar Antaktika,
Dubban shekaru yana nan abinsa.

Ga wasu alƙaluma domin malami ya riƙe, ba domin a ɗora wa yara haddarsu ba. Ruwa ya rufe kimanin kashi 71 cikin 100 na doron duniya, amma kusan kashi 97 cikin 100 na ruwan mai gishiri ne, kuma daga ɗan abin da ya rage, kusan kashi biyu cikin uku a daskare yake, mafi yawan saura kuma yana ƙarƙashin ƙasa. Idan kika cika kwalba mai cin lita ɗaya, kika ɗebi babban cokali biyu daga ciki, kin nuna musu rabon ruwa marar gishiri a duniya. Tururi kan yi kimanin kwana 9 a iska kafin ya sauko, kuma kimanin kashi 10 cikin 100 nasa daga ganyen tsirrai yake fitowa.

Ina kuma roƙon kada mu ga wautar yaron da zai ce ƙasa ce ta shanye ruwa, domin masana da yawa sun daɗe suna ganin ruwan sama bai isa ya cika koguna ba, suna zaton ruwan teku ne ke bi ta ƙarƙashin ƙasa ya ɓullo a kan duwatsu. Awo ne ya raba gardamar. A shekarar 1674 Pierre Perrault na Faransa ya wallafa lissafin ruwan saman da ke sauka a yankin mafarin kogin Seine, ya nuna cewa ya ninka abin da kogin ke ɗauka kusan sau shida, sannan a 1687 Edmond Halley na Ingila ya auna ruwan da ke ƙafewa daga kwano, ya ƙiyasta abin da ke tashi daga Bahar Rum. Kwalba mai miƙaƙƙen jiki da rula sun isa yara su fara irin wannan awon a harabar makaranta.

Tsohon Hedimasta

Na ji ku, 'ya'yana, kun kawo hujja,
Gwajin kofin nan yana da daraja,
A kan wannan ba ni da abin ja,
Sai dai ku bar ni in yi ɗan ƙari.

Darasi minti 40 ne a jadawali,
Kwano da leda suna son wuni a fili,
Sai malami ya tsara da hankali,
Ya kafa su tun da safe da wuri.

Aji in ya cika, na baya ba sa gani,
Sai a raba su rukuni-rukuni,
Kowane rukuni da kwano da ma'auni,
Da mai rubuta abin da suka yi nazari.

Butar ruwan zafi kada yaro ya taɓa,
Malami kaɗai zai riƙe ya zuba,
Kwanon ɗanɗano a wanke, a duba,
Kada neman ilimi ya jawo haɗari.

Sannan waƙar nan ba zan janye ta ba,
Abin da aka gani, ba a rera ba,
Bayan hutu ba lallai a tuna shi ba,
Ku sa rijiya da ganye cikin kari.

Malamar Aji Huɗu

Baba, na gode, na karɓi sharuɗɗan,
Waƙar za ta zo, amma wajen rufewa.

Zan fara da alli da faranti biyu,
Allon aji kuwa ba abin zanawa.

Sai sun ga tashin ruwa da saukarsa,
Kowa ya zana nasa, ba kwafewa.

Zan kafa tasha shida a filin wasa,
Teku da girgije da kogi mai malalawa,

Ƙanƙara da ganye da ƙarƙashin ƙasa,
Kowane yaro ɗigo ne mai zagayawa.

A kowace tasha ya zari takarda,
Ita za ta faɗa masa wurin zuwa.

Wani zai daɗe a teku yana jira,
Yana ganin abokinsa yana ta wucewa.

A nan zai gane hanyar ba ɗaya ba ce,
Ni kuwa na huta da nanatawa.

Saura guda, Malam na kimiyya,
Tambaya ce da na san tana tahowa:

In girgije ruwa ne, ruwa kuwa da nauyi,
Me ke riƙe shi ya hana shi faɗowa?

Malamin Kimiyya

Ki kakkaɓe tsumman allo a hasken taga,
Su ga ƙurar alli tana yawo a rana.

Sannan ki saki guntun alli daga hannu,
Ya faɗi nan take, bambancin ya bayyana.

Ɗigon girgije ƙanana ne ƙwarai,
Iska mai hawa sama faɗuwarsu ta hana.

Sai kimanin miliyan sun haɗu wuri ɗaya
Kafin ɗigon ruwan sama ya amsa suna.

Idan sun zo zana nasu, Malama, za ki ga kusan kowa ya yi wa ɗigon ruwan sama tsini a ka, kamar yadda littattafai suka saba zanawa. Ki sanar da su cewa ƙaramin ɗigo mulmulalle ne yake saukowa, babba kuma gindinsa yakan baje saboda iskar da ke tare shi daga ƙasa, har ya tsage gida biyu idan girmansa ya yi yawa.