Ƙulle-ƙullen da ke jikin saiwar wake, ciwo ne?

Ɗan Gezawa:
Assalamu alaikum jama'a. Na tuge wasu gindin wake a gonata don rage cunkoso, sai na tarar da saiwar cike da ƙananan ƙulle-ƙulle, wasu sun kai girman ƙwayar dawa. Ganyen kuwa shar yake, ba alamar ciwo. Maƙwabcina ya ce tsutsa ce, in nemi magani in zuba. Kafin in kashe kuɗina, wa ya san abin nan?

Malamin Gona:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kada ka zuba komai tukuna. Ciro ɗaya ka fasa da farce. Idan cikinsa ja-ja ne, to ka gode wa Allah, taki ne wakenka yake haɗa wa kansa. Wasu ƙwayoyin bakteriya ne da ake kira rizobiyam suke shiga saiwar su zauna. Kusan kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa naitirojin ce, sinadarin da muke saye a buhun yuriya, amma shuka ba ta iya ɗaukarsa daga iska. Ƙwayoyin nan ne ke juya shi yadda wake zai iya ci, shi kuma ya ba su abinci. Haka gyaɗa take, haka waken soya, har da itacen gawo. In cikin ƙullin ya yi fari, bai fara aiki ba. In ya koma kore, ya tsufa.

Baba Manomi:
Maganar maƙwabcin naka ba a banza take ba, yaro. Akwai tsutsar ƙasa mai kumbura saiwa, mun sha ganinta a tumatir da kuɓewa. Ka murza da yatsa: na alheri yana ɓallewa daga gefen saiwa, na tsutsa kuwa saiwar ce da kanta ta kumbura, ba ya cirewa.

Ɗan Gezawa:
Na gwada, Baba. Suna ɓallewa, cikin ma ja ne. To Malam, yuriyar da na ajiye fa?

Malamin Gona:
Kai wa masara. Idan yuriya ta yi wa wake yawa, ƙulle-ƙullen raguwa suke yi, sai ganye ba 'ya'ya sosai. Takin sufa ya fi buƙata, tun lokacin shuka. Kuma in ka kwashe harawar kaf ka sayar, naitirojin mai yawa ya bi ta ya bar gonar. Ka ba dabbobinka, ka mayar da takinsu wurin, sannan ka sa dawa baɗi.