Ta ce ɗinkina "ugly" ne: zagi ne ko ƙorafi?

Telar Yalwa, Garwa:
Assalamu alaikum. Masu Ingilishi ku taimaka min don Allah, ni Faransanci na karanta. Wata malamar makaranta 'yar Bamenda, ɓangaren masu Ingilishi a nan Kamaru, ta kawo min atamfa yadi shida, riga da siket, muka daidaita a sefa dubu takwas. Na yi mata aiki a wuya da zare ruwan goro, dare biyu ina kansa da fitilar waya don an ɗauke wuta. Da ta zo karɓa ta ɗaga rigar, ta shafa wuyan da yatsa, ta ce "ugly". A gaban 'yan koyona biyu! Shekara goma sha ɗaya ina kan keke ba a taɓa yi min haka ba. Zagina ta yi, ko haka suke cewa abu bai yi musu ba?

Malam na Marwa:
Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ma'anarta mummuna, abin da Faransanci ke ce wa "laid". Kalma ce mai nauyi. Asalinta daga tsohon harshen mutanen arewacin Turai ne, ta shigo Ingilishi a ƙarni na 13, kuma a da abin ban tsoro take nufi. Idan mutum aka faɗa wa, cin fuska ne, shi ya sa mai kara yakan sassauta ya ce "plain". A kan kaya kuwa ba ta kai haka ba. Har rikici ana cewa ya zama "ugly", wato ya yi muni. Rigar ta kushe, ba ke ba.

Maman Biyu, Ngaundere:
Malam, ka yi haƙuri, amma kushe aikin hannun mutum a gaban yaransa ai kushe shi ne. Na zauna da 'yan Bamenda shekara huɗu, a Fijin, wato Ingilishin buroka, "wowo" suke cewa, har cikin raha. Da tana da kara sai ta ce bai karɓe ta ba, kamar yadda muke yi.

Ɗan Kusuri:
Yaya, kin tambaye ta launin zare kafin ki fara?

Telar Yalwa, Garwa:
Ban tambaya ba, ƙanena, gani na yi ya hau da furen atamfar. Na gode, Malam, zuciyata ta ɗan yi sanyi. Yau da yamma na sa reza na warware wuyan gaba ɗaya. Gobe idan ta taso daga makaranta zan baje mata zare kala biyar a kan tebur ta nuna da hannunta, amma sai na aiki yaran kasuwa tukuna.