Macijin masara mai ruwan toka a bayan sito: in riƙe ko in saka?

Baban Sadiya: Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, musamman wajen Kawu. Jiya da la'asar muna ɗaga katakai a bayan siton da nake aiki, nan wajen garin Savannah a Amurka, sai ga maciji kwance a ƙarƙashi. Abokan aiki suka watse, ɗaya har ya rarumo shebur. Na hana shi, na kife macijin da bokiti. Zanen bayansa na macijin masara ne sak, cikinsa ma gida-gida ne baƙi da fari. Abin da ya ɗaure mini kai, babu ja a jikinsa ko ɗigo, ruwan toka ne da duhu-duhun ruwan ƙasa. Yanzu yana gareji cikin roba mai huji. Ko irin masu tsadar nan ne? In nema masa mace?

Ɗan Kaltungo: Wa alaikumus salam. Ikon Allah! Mu nan kubuwa ta hana manoma sakat, asibitin masu saran maciji na garinmu ba ya rabo da mutane da damina, ku kuna can kuna nema wa maciji mata.

Kawu na Fulorida: Wa alaikumus salam. Ɗan Kaltungo, kwantar da hankalinka, wannan ba shi da dafi. Ɓera yake naɗewa ya matse ya haɗiye. Shi ya sa ake yawan samunsa a rumbunan masara, wasu ma suka ce daga nan sunan ya samo asali, wasu kuma suka ce daga zanen cikinsa ne mai kama da masara mai launi-launi.

Baban Sadiya, kafin maganar tsada: ka tabbatar ba macijin nan da ake kira kofahed ba ne? Kama da wane ba ta wane. A yankinku akwai shi, kuma yana da dafi. Zanensa faffaɗa ne a gefe, tsukakke a tsakiyar baya kamar kalangu, jikinsa kauri, kansa faffaɗa. Na masara siriri ne, zanensa kamar sirdi-sirdi a jere, akwai alama kamar tsinin mashi a saman kansa. Ka ɗauko hoton kai da na ciki, kada ka sa hannu tukuna.

Baban Sadiya: Na tura muku, Kawu. Tsinin mashin yana nan.

Kawu na Fulorida: To, na masara ne. Amma dubi idonsa a hoto na biyu. Ka ga ya yi hazo-hazo kamar an zuba madara? Saɓa zai yi. Macijin da ke dab da saɓa launinsa dusashewa yake, ja wur sai ya koma kamar an bulbula masa toka. Ban ce shi ke nan ba, don ko da saɓa akan ga burbushin ja, naka kuwa ban gani ba. Sai dai ba na yanke hukunci kan launin maciji mai hazo a ido.

Maman Khalil: Sannunku. Kawu ku yi mini afuwa in shiga gabanku, don akwai abin da ya fi launi gaggawa. Baban Sadiya, a jihar Jojiya kake. Dokar jihar ta hana ajiye macizan da asalinsu na jihar ne marasa dafi a matsayin dabbar gida, kuma macijin masara yana ciki. Ko a wajen mai kiwo ka saya a wata jiha, ko zabiya ne fari fat, dokar ba ta bar shi ba. Mutane suna mamaki idan sun ji, amma haka take. Shiga shafin hukumar kula da albarkatun ƙasa ta jihar ka karanta da idonka. Mu baƙi ne a ƙasar nan, bai kamata a ce maciji ne ya shiga takardun mutum ba.

Baban Sadiya: Innalillahi. Wato abin da ke gareji na yanzu laifi ne?

Maman Khalil: Mayar da shi inda ka ɗauko shi, shi ne shawarata. Ba wani daji mai nisa ba, nan kusa da inda ya sani.

Ɗan Zango: Hajiya ta faɗi gaskiya. Nan kusa da mu a New Jersey ma yana cikin dabbobin da jihar ta ce suna dab da ƙarewa, don can ne iyakar ƙasarsa ta arewa. Kowace jiha da nata tsarin. Ni mesar ƙwallo nake kiwo, wadda ake fitarwa daga wajenmu Gana da Togo da Benin, amma rigimar launi duk iri ɗaya ce. Kowa ya tsinci mai baƙon launi sai ya ɗauka ya haƙo zinariya.

Kawu na Fulorida: Ai ko da ta tabbata ruwan toka ne na gado, ba zinariya ba ce. Shi ne wanda masu kiwo ke kira anari, wato mara ja. A kudu maso yammacin Fulorida, wajen Fort Myers, ana samunsu a daji ba tun yau ba, kuma a hannun masu kiwo yana cikin mafi araha. A baje kolin masu kiwon macizai na garin Daytona a watan Agusta tebur-tebur za ka gan su.

Kuma mu bambance abu biyu da ake cakuɗawa. Akwai launin yanki, akwai launin da ƙwayar gado guda ɗaya ke kawowa. Kai Baban Sadiya da ka haye kogin Savannah ka shiga gundumar Jasper ta Karolina ta Kudu, can ne asalin Okeetee, masu ruwan goro mai kauri da jan sirdi da baƙin layi mai faɗi ya kewaye shi. Na wajen Miami kuma jikinsu ruwan toka ne kamar azurfa, sirdin ja. Waɗannan ba a samunsu da lissafin ƙwaya ɗaya. Zaɓe ake yi, mai kyau a haɗa da mai kyau shekara da shekaru, kamar yadda makiyayi ke zaɓen ragon da zai bari a garke. In ka haɗa Okeetee da wani can daban, sai baƙin layin ya yi ta sirancewa a 'ya'ya.

Auta: Kawu barka da dare. Tunda Yaya Baban Sadiya doka ta ɗaure shi, bari in karɓi layin, ni a Ohio nake. Ina da mace zabiya, mai jan ido, shekararta 2, nauyinta giram 210. Ina son in samu fararen nan da ake kira sino. Wane namiji zan saya, kuma zan iya haɗa su wannan bazarar?

Maman Khalil: Auta, lissafin nan shi nake koya wa ɗalibai, bari in yi maka shi. Fatar macijin tana da ƙwayoyin da ke ba da baƙi, da masu ba da ja da ruwan ɗorawa, da wasu masu ƙyalli. Zabiya baƙin ta rasa, anari jan ya rasa. Sino shi ne wanda ya rasa duka biyun. Kowanne daga cikinsu ɓoyayyen gado ne, ba ya fitowa sai ɗa ya karɓo daga uwa ya karɓo daga uba.

In ka haɗa zabiyarka da namiji anari, kada ka yi mamaki ka ga 'ya'yan duk sun fito da launin daji, ja da baƙi, kamar ba su suka haife su ba. Suna ɗauke da gadon biyu a ɓoye. Sai ka raine su, ka haɗa su da juna, sannan a cikin 16 ake sa ran 9 masu launin daji, 3 zabiya, 3 anari, 1 sino. "Sa rai" na ce. Kana iya fasa ƙwai 20 ba ka ga ko ɗaya ba.

Hanya mafi kusa: sayi namiji sino kai tsaye. Da shi da zabiyarka 'ya'yan duk zabiya ne masu ɗauke da anari. In kuwa aka yi sa'a ita ma tana ɓoye da anari, tun a ƙwan farko kusan rabi za su fito sino.

Abin da ya fi burge ni a nan, a 2015 masu bincike a Jami'ar Geneva suka gano cewa zabiyancin macijin masara daga ƙwayar gado mai suna OCA2 yake. Ita ce dai wadda ke haifar da nau'in zabiyancin da ya fi yawa a tsakanin mutane a Afirka. Shi ya sa a gida ake ganin iyaye baƙaƙe sun haifi zabiya, a yi ta camfi, alhali lissafin nan ne na ɗaya cikin huɗu.

Ɗan Kaltungo: Hajiya wannan kam na ƙaru. Zan karanta wa wata gwaggona.

Kawu na Fulorida: Kuma wannan jiran shi na farko ma ya yi. Namijin zabiya da aka kama a Karolina ta Arewa a 1953, Dakta Bernard Bechtel, likitan fata, ya haɗa shi da mata masu launin daji a 1959. 'Ya'yan duk suka fito kamar kowa. Sai a 1961, da ya haɗa 'ya'yan, zabiya suka ƙyanƙyashe. Da ya yi fushi a zubin farko, da yanzu ba ka da taka.

Batun bazarar bana kuwa, a'a. Giram 210 ta yi ƙanƙanta. Abin da masu kiwo suka saba bi uku-uku ne: shekara 3, tsawon ƙafa 3, giram 300. Ni na taɓa yin gaggawa da wata, ƙwai ya maƙale mata, na kwana ina dubawa, ƙarshe sai likitan dabbobi, kuɗin da na biya ya ninka kuɗinta ban san sau nawa ba. Ta rayu, amma ba ta ƙara yin ƙwai ba. Kuma kada ka ɗura mata ɓeraye don ta kai nauyi da wuri, kitse ba girma ba ne.

Auta: To Kawu, na haƙura sai baɗi. Sanyaya su da hunturu fa, dole ne?

Ɗan Zango: Ba dole ba ne. Na san masu kiwon da ba sa yi, kuma suna samun ƙwai.

Kawu na Fulorida: Ana samu, ban musa ba. Amma ni ina yi, don nawa sun fi yin barbara a kan lokaci kuma ƙwai marasa ɗa sun fi ƙaranci. Ka daina ba su abinci mako 2 zuwa 3 cikin ɗumi har cikinsu ya zama wayam, don abincin da ya rage a ciki ruɓewa yake in sanyi ya shiga. Sannan ka sauke zafi a hankali zuwa digiri 10 zuwa 13 na Salshiyas, wato 50 zuwa 55 a ma'aunin Farenhait na nan Amurka, wata 2 zuwa 3, ruwan sha kawai. Kai da ke Ohio ɗakin ƙasa ya ishe ka. Ni a nan sai da na sayi ƙaramin firji na musamman, matata har yau tana yi mini gori.

Bayan ka ɗumama su sun ci, macen ta yi saɓa, sai ka kai ta wajen namiji. In ta ɗauka za ta sake wata saɓar, kwana 10 zuwa 14 bayanta sai ƙwai, yawanci tsakanin 10 da 30. Ka tanadar mata roba mai gansakuka mai laima tun kafin lokacin, in ba haka ba a kwanon ruwa za ta zuba su, su lalace. Ƙwan ba irin na kaza ba ne, laushi gare shi kamar fata, kuma ba a juya shi. Yadda ka same shi haka za ka ajiye, ka ɗiga alama da fensir a sama. Waɗanda suka manne da juna ka bar su a manne. Digiri 27 zuwa 28 na Salshiyas, wajen kwana 60 za ka ga sun tsaga sun leƙo da kai. Kada ka jawo su, sukan kwana ɗaya ko biyu a ciki suna shanye sauran gwaiduwa.

Ɗan Zango: Ƙari ɗaya, Auta: ka san inda za ka kai 'ya'ya 15 kafin ka haɗa. Kowanne robarsa daban, kowanne jinjirin ɓeransa, wasu kuma su ƙi ci sai ka yi ta lallashi. Abin nan yana shekara 20 a hannu. Sannan wajen saye, "yana ɗauke da launi kaza a ɓoye" magana ce ta baki, ido ba ya gani. Ni wani ya sayar mini da hakan, na yi shekara 3 ina jira, ƙwai har zubi biyu, babu komai. Ka nemi hoton iyaye da ranar ƙyanƙyasa da lissafin cin abinci. Wanda ya yi ta kame-kame, ka wuce.

Maman Khalil: Ka kuma tambayi batun ciwon kallon sama. Cuta ce ta jijiya da ake gado a ɓoye, an fi alaƙanta ta da zuriyar launin da ake kira Sunkissed. Ɗan yakan riƙa karkatar da kai yana juyewa. Mai kiwon kirki ya san ko ya gwada nasa.

Auta: Na rubuta. Wani ya nuna mini Palmetto, fari mai ɗigo-ɗigon ja. Shi ma daga daji ne?

Kawu na Fulorida: Daga daji ne, namiji ɗaya aka samu a Karolina ta Kudu a 2008, duk waɗanda kake gani zuriyarsa ce. Irin labarin da ke sa mutane kife maciji da bokiti ke nan. Amma don Allah fara da sino ɗinka.

Baban Sadiya: Jama'a na dawo. Da asuba na leƙa don in mayar da shi, sai na tarar idon ya washe, bai dai yi saɓar ba. A hasken rana wuyansa akwai ɗan ruwan ɗorawa, ja dai har yanzu babu. Na kai shi bakin bishiyoyin bayan siton na buɗe robar, ya shige ƙarƙashin ganye ko waiwaye bai yi ba.

Kawu na Fulorida: Ruwan ɗorawa a wuya, manyan anari suna da shi. Wataƙila shi ne. Idon yakan washe kwana kaɗan kafin saɓa, don haka ka riƙa duba wajen katakan nan cikin makon. In ka sake ganinsa da sabuwar fata, ɗauko mana hoto a inuwa, ba da fitilar waya ba. Ka kuma nuna wa mai shebur ɗin nan hoton kofahed da na wannan gefe da gefe.

Ɗan Kaltungo: Maman Sadiya ta san ya kwana biyu a gareji?

Baban Sadiya: Ba ta cikin zauren nan, kuma kada wanda ya saka ta.