Shin alƙali na iya kafa ƙa'idojin kotunsa da kansa?

Lauyan Kurmi: Ni dai na tsaya a kan cewa alƙalin babbar kotu ba shi da hurumin ƙirƙiro ƙa'ida. Sashe na 274 na tsarin mulkin Najeriya na 1999 Babban Jojin jiha kaɗai ya ba wannan iko, shi ma sai in bai saɓa wa dokar majalisar jiha ba. A Babbar Kotun Tarayya sashe na 254 ne.

Tsohon Magatakarda: Barista, ka manta da sashe na 6(6)(a), ikon da kotu ke da shi don kasancewarta kotu. Alƙali ya ce a kira ƙara ƙarfe 9, ko ya iyakance wa lauya lokacin jawabi, wa zai hana shi? In ba haka ba, shari'a ɗaya sai ta cinye yini.

Lauyan Kurmi: Ranka ya daɗe, wannan tsara zama ne. Matsalar ita ce alƙali ya kori ƙara saboda sharaɗin da babu shi a rubutattun ƙa'idoji. Nan ya taɓa haƙƙin sauraro na sashe na 36, kuma a ɗaukaka ƙara hukuncin na iya rushewa.

Malamar Shari'a: Ko Babban Jojin ma yana da iyaka. Sammacin da za a kai wata jihar, dokar tarayya ta isar da takardun kotu ce ke hukunci a kansa: sashe na 97 na wannan dokar ya ce a rubuta a jikinsa cewa wajen jihar za a kai shi, na 99 ya ba wanda ake ƙara aƙalla kwana 30 ya bayyana. Ƙa'idar jiha ba ta isa ta rage kwanakin nan ba. Lauyoyi da yawa a nan suke tuntuɓe, su bi ƙa'idar gida su bar ta tarayya, sai a soke isarwar, a koma farko.

Tsohon Magatakarda: Malama, amma ƙa'idar gida ce ta kawo gyara. Legas ce a 2004 ta wajabta shigar da ƙara tare da jerin shaidu, rantsattsun bayanansu da kwafin takardun hujja. Shaidar ba-zata ta ragu, wasu jihohi suka bi sahu.

Malamar Shari'a: Gaskiya ne, sai dai rubutacciya ce da aka wallafa, ta hau kan kowace babbar kotun jihar. Abin da nake ƙi shi ne lauya ya taso daga Zariya, sai ya shiga kotu sannan ya ji sharaɗin a bakin alƙali.